Kuɗin ajiyar haya: wa ka ba, ina rasit?

Wani mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse ya kama ɗaki biyu a Kubwa, naira dubu 700 a shekara. Kuɗin ajiya, wanda ake ce wa koshan, dubu 100, ya damƙa wa ɗan kawunsa da ya yi dillancin. Yanzu zai tashi, mai gida ya ce bai ga ko kwabo ba. Yana tambaya ko doka ta ƙayyade kuɗin nan.

Malam, a Abuja babu dokar da ta yanke masa iyaka. Ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya kai majalisa a 2022 kan karɓar hayar shekara a dunƙule ma bai zama doka ba.

Kunya ce ta cuce ka. Kai da ba ka ba da bashin turmi ɗaya sai ka rubuta a littafi, ka miƙa dubu 100 babu takarda don ɗan kawu ne? Haƙƙin dillali la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin 100. Kuɗin ajiya asusun mai gida ake tura shi ta banki, da rasit nasa daban.

Fara gano wa ɗan kawun ya yi wa aiki. In mai gida ne ya wakilta shi karɓar kuɗi, nauyin yana wuyan mai gida. In kai ka aike shi nemo ɗaki, tsakaninku ne. Tono saƙonninku na WhatsApp, ka zaunar da shi gaban mai gida da wani babba na dangi. Ya amsa, ya rubuta ranar biya, ya sa hannu. In ka je kotu babu shaida, kuɗin lauya zai cinye abin da kake bi.

A sabon gida, yarjejeniya ta faɗi nawa aka ajiye, me za a cire, da kwana nawa za a mayar bayan ka ba da makulli. Ranar shiga ka ɗauki hoton bango, famfo da tagogi, ka tura wa mai gida. Duba mitar wuta kuma: tsohon bashin AEDC, kamfanin wutar lantarki na Abuja, a jikin katin wutar da za ka saya ake zaftare shi.

Ka kuma daina lissafi da haya kaɗai. Ɗakin dubu 700, da la'ada 70, lauyan da zai rubuta yarjejeniya 70, ajiya 100, ya zama dubu 940, fiye da albashin wata 13 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70. In sai ka taɓa jari za ka biya, nemi mai sauƙi a Nyanya ko Dei-Dei, amma ka haɗa da kuɗin mota zuwa Wuse kullum kafin ka yanke.