Harajin albashi a Kano da Legas, akwai bambanci?

Ka tambaya ko harajin albashinka zai ragu in aka mayar da kai Kano daga Legas. Ba zai ragu ba, ɗan'uwa. Dokar tarayya ce, ma'auni ɗaya a duk jihohi: daga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai. Bambancin yana wajen harajin gida da fili da na kasuwanci. Legas na karɓar kashi 5 a otal da gidajen abinci.

Amma ka kula, jihar da kake zaune ita ke da kuɗin. In kamfaninku ya ci gaba da tura wa LIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Legas, ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji a KIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Kano, ba za a ga biyanka ba. Sanar da akantanku tun kafin ka tare.