Koya wa Yara Ƙwallon Kwando a Dogon Hutu

Tambaya: Malam, ina son buɗe sansanin horar da yara ƙwallon kwando a matsayin sana'a. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu, Samaru, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da fili. Dogon hutu cikin damina yake faɗowa, siminti kuma in ya jiƙe santsi gare shi, yaro ya zame ya karye. Nemi hayar rufaffen ɗakin wasa tun da wuri.

'Yan ƙasa da shekara 12, ƙwallo mai lamba 5, wato ƙarami wanda bai kai na manya girma ba, za ka sayo musu, ka sauke kwandon zuwa mita 2.60. A mita 3.05, wato tsayin kwandon manya, wurgi kawai za su riƙa yi, hannu ya saba da kuskure. Koci ɗaya ga yara 10, 'yan mata a samo musu mace. Karɓi kuɗi da sa hannun iyaye kafin ranar farko.