Ga ƙanenmu da rumfarsa ta ƙone a Kantamanto

Ƙanena, sannu da wannan rashi, Allah ya mayar maka da alheri. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don kada in ba ka amsar gaggawa. Ka ce tun gobarar farkon Janairun 2025 a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, da ta cinye rumfarka da dilolin gwanjon da ka ɗauko bashi, duk wanda ya zo jaje sai ya buɗe maka wasiƙar Yaƙub sura 1 a Littafi Mai Tsarki, wai ka ɗauki gwaji abin farin ciki. Har ka kai ga tambaya ko da gaske wahala tana gina mutum cikin bangaskiya, ko kuwa lallashi ne kawai ake yi wa wanda ya faɗi.

A 2015 kayan waya nake sayarwa a Circle, babbar mahaɗar tituna ta Accra. Ranar 3 ga Yuni aka yi ruwan nan da kogin Odaw ya cika ya batse, jama'a suka fake a gidan mai, wuta ta tashi a kan ruwa, mutum sama da 150 suka rasu. Ni abin da ya fitar da ni da wuri, 'yata ce ba ta da lafiya. Washegari na tarar da laka har gwiwa a shago, batura da caja da gilasan waya duk sun zama shara, rabinsu kuma ban biya kuɗinsu ba. Wani yaro mai gyaran waya da muke cin waakye, wato shinkafa da wake, tare kowace safiya bai koma gida ba.

Gaskiyar da ba a cika faɗa a kan bagade ba ita ce, shekarar farko wahalar nan ɓata ni ta yi. Lokacin ana tsakiyar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ga duhu ga zafi a ɗakinmu na Maamobi, abu kaɗan sai in hau matata da faɗa. Wata bakwai ban taka majami'a ba. A waje kuwa sai ka ji ana cewa, kai, bawan Allahn nan akwai haƙuri, don sun ga na yi shiru. Gaba nake yi da Allah, su kuma suna yaba mini.

Wadda ta fasa wannan ƙurji wata tsohuwa ce ta zumuntar mata, mutuniyar Bawku, mai koko da ƙosai, wadda ta binne 'ya'ya biyu. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki ta ce in karanta mata Zabura 13. Sau huɗu Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe a cikin ayoyi biyun farko. Da na gama ta ce, "Ɗana, faɗa da mahaifi ba laifi ba ne, amma a cikin gidansa ake yi. Kai ka fita waje kana ƙunƙuni." Daga baya ni da kaina na gano Zabura 88, wadda ta ƙare a cikin duhu ba tare da ko kalmar murna ɗaya ba, aka kuma bar ta haka a cikin Littafin.

Abin da Yaƙub ya ce gwaji yana haifarwa shi ne jimiri. Fastonmu ya taɓa bayyana mana cewa kalmar a Girkanci tana nufin tsayawa a ƙarƙashin kaya. Tun ranar nake kallon 'yan kayayo, 'yan mata masu dako a kasuwa, da wani ido: yarinya ta ɗauki tasa cike da doya, wuyanta na rawa, ba ta ce kayan ba nauyi ba, amma ba ta yar ba, tana tafiya. Yaƙub ya ƙara da cewa a bar jimirin ya gama aikinsa, wato abu ne mai cin lokaci. Bulus ma a Romawa 5 jerawa ya yi: wahala, sai jimiri, sai hali da aka gwada, sannan sa zuciya. Masu jaje sukan tsallake na tsakiya su nemi ka yi murna tun toka ba ta huce ba. Ka duba Yusufu: yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara biyu cikinsu mantawa kawai aka yi da shi a kurkuku. Maganar da ake yawan ja, cewa 'yan'uwansa sun nufi mugunta Allah ya nufi alheri, bayan mutuwar mahaifinsu ya faɗe ta. Ba a cikin rijiya ya faɗa ba.

Jimirina dai ba shi da ado. Na daina ɓoye wa mai bina bashi, wani Alhaji a Nima, na je na zauna na faɗa masa ba ni da ko sisi. Musulmi ne, amma ya yi mini abin da wasu 'yan'uwana na ikilisiya ba su yi ba: ya ce in riƙa kawo abin da ya samu duk Juma'a. Shekara uku da 'yan watanni na gama. Na kuma karɓi jarin da mata suka haɗa mini daga susunsu, wato adashinsu, wanda a da girman kai ba zai bar ni ba.

Ban san na canja ba sai 2022, da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 kafin ƙarshen shekara, jarina ya narke ina kallo. A ranar na faɗa wa matata, muka yi addu'a, na yi barci. Wani yaro da nake bi kuɗi kuwa, har na kama hanya in ƙwace kayan aikinsa, sai fuskar Alhajin nan ta faɗo mini, na sauka daga motar haya, trotro, na koma. Har yau in hadari ya haɗu a watan Yuni gabana yakan faɗi, wannan bai tafi ba. Bulus ma sau uku ya roƙi Ubangiji a cire masa wahalar da ya kira ƙaya a jikinsa, aka bar masa ita. Na kuma san wani da ruwan 2015 ya raba shi da majami'a har yanzu, ba ni da bakin yi masa hukunci.

Kada ka matsa wa kanka sai ka ji farin ciki yanzu. Ranar Asabar da yamma ina shago, ka zo da littafin da ka rubuta bashin, mu zauna mu ga wa za a fara zuwa wurinsa, in raka ka.