Muryar da aka turo kan 'yar tsana mai hijabi da dariyar yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, yanzu na saurari saƙonki. Kin ce an kawo wa yara 'yar tsana mai hijabi da 'yar dardumarta, da katin tambayoyi kan annabawa, kin ji suna ta ƙyalƙyala dariya, sai gabanki ya faɗi ko wasa da addini ne. Ki kwantar da hankalinki, don Allah.

Akwai hadisi a Abu Dawud. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga tafiyar yaƙi, iska ta yaye labule, ya hango 'yan tsanar Nana A'isha. A tsakiyarsu ga doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya ce, doki da fukafukai? Ta ce, ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har aka ga haƙoransa na ciki. Kin ga fa, abin wasa ne, ga sunan annabi a ciki, ga dariya, kuma bai tsawata mata ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji sanyi a raina.

Sannan Rubayyi'u bint Mu'awwiz, a Bukhari da Muslim, ta ce ranar Ashura suna sa yara azumi, su yi musu abin wasa da ulu. In yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa, ya shagala har a sha ruwa. Ita ma mai hijabin ba yau aka fara ta ba, wata mai suna Fulla tun 2003 ta fito daga Siriya. Malamai dai sun yi saɓani kan ta roba mai cikakkiyar fuska, wasu sun fi son ta tsumma.

Inda ni nake tsayawa tsaf shi ne abin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah. Yaro zai taka, ya ja shi har banɗaki, ba da gangan ba. Irin wannan a ajiye shi sama. Sai kuma kayan wasa masu karatun Alƙur'ani da batir. In batir ya yi sanyi murya takan ja, karatu ya lanƙwashe, yara su kama kwaikwayo suna dariya. To nan ne nake jin tsoro, don aya ta 65 a Suratut Tauba kan masu izgili ta sauka, da aka tambaye su suka ce ai wasa muke yi. Ki canja batir nan take, ko ki cire shi.

Amma dariya don ƙaramin ya ce Annabi Yunusa ne ya yi jirgi? Ki zauna cikinsu ki yi dariyar tare da su, ki ce Annabi Nuhu ne, ki ba shi labarin kifin, a ja kati na gaba.