Bakaniken Kabu-kabu da Baburan Lantarki na Haya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni bakaniken babur ne a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma na daɗe ina gyaran kabu-kabu. Wani ɗan kasuwa yana shirin kawo ƙananan baburan lantarki, irin waɗanda ake hawa a tsaye, domin bayar da su haya ga ɗalibai da ma'aikata, ya kuma nemi in riƙa kula da su. Shin sanin da nake da shi zai wadatar, ko kuwa in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka karɓi aikin, amma ka sani cewa da yawa daga abin da hannunka ya saba da shi ba za ka tarar a nan ba. Babu filogi, babu kafireta, babu juyen baƙin mai, domin injin yana cikin cibiyar taya ne, kuma ba kasafai yake ba da matsala ba. Birki da taya da boris da notin da gargada take kwancewa, waɗannan duk aikinka ne na da, kuma su za su fi cin lokacinka, saboda tayoyin ba su wuce inci 8 zuwa 10 ba, sannan wanda ya hau abin haya ba ya tausayinsa kamar nasa.

Ka tambayi mai kuɗin irin baburan da zai sayo. Lokacin da wannan sana'a ta bunƙasa a Amurka daga 2017, kamfanonin farko sun zuba irin waɗanda aka ƙera domin mutum ɗaya, suka riƙa lalacewa da wuri, har sai da aka koma masu ƙwari waɗanda ake zare batirinsu a sauya.

Batirin shi ne abin da nake so ka ba hankalinka, domin shi ne mafi tsada a jikin babur, kuma shi ne mai haɗari. Na litiyam ne, yawanci mai ƙarfin volt 36, wanda idan ya cika mita za ta nuna maka 42. Ƙa'idarsa ita ce kada a sa masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45. To, kai ka fi ni sanin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40 ko a inuwa. Babur ɗin da ya wuni a rana, batirinsa na ƙarƙashin matakin ƙafa daf da kwalta mai turiri, idan aka jona shi da Azahar ana rage masa kwana ne. Ka ajiye shi a inuwa, ka ɗora bayan hannunka a kan matakin, sai ka ji ya huce sannan ka jona, kuma da cajar da ta dace da shi kawai. Kada a bar caji cikin rufaffen shago babu mai tsaro.

Duk batirin da ya kumbura, ko ya fara wari, ko yake zafi alhali ba a aiki da shi, ka fitar da shi fili, ka ɗora a kan yashi nesa da fetur da janareta. Ina roƙonka kada ka bari wani yaron gareji ya ɓamɓare shi da sukudireba domin ganin cikinsa, saboda wutar litiyam tana da wuyar kashewa, kuma takan sake tashi bayan an zaci ta mutu.

Ƙurar hunturu kuwa tana shiga mahaɗar wayoyi, sai ka riƙa sharewa da burushi da tsumma, ba da ruwan matsi irin na masu wankin mota ba.

Ka sayi mita mai kyau, ka koyi auna batiri da kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin daga batiri. Ka buɗe littafi, kowane babur da lambarsa, kana rubuta ranar da ka sauya birki da ranar da batiri ya fara saurin ƙarewa. Kafin ka ce ka amince, ku yi yarjejeniya a rubuce kan albashin wata, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kawo kayan gyara, domin ba kowace kwantirola za ka samu a kasuwar 'yan babur ba.