Tambayoyinku: Man Retinol Na Ƙona Min Fuska

Anti barka da aiki, na fara shafa retinol (man fata mai sinadarin bitamin A) saboda ƙuraje, kwana biyar kenan kullum dare, yanzu fuskata sai raɗaɗi take tana saɓa. In daina ne?
Wata ƙanwarku daga Kano

Ƙanwata sannu, kin yi gaggawa ne. Dakata da shi har fatar ta warke, sannan ki dawo sau 2 a sati kawai, da daddare. In kin wanke fuska ki bari ta bushe sosai kamar minti 20, ki fara shafa mai mara turare, sai ki lakato retinol ɗin kamar ƙwayar wake ɗaya ki baza duk fuskar, banda gefen ido da lungun hanci da baki, ki ƙara mai a kai. Dilka da sabulun goge fata da man bilicin ki ajiye su tukunna, balle da hunturu, don fatarmu in ta ƙone baƙin tabo take bari kuma shi ya fi ƙurajen wuyar tafiya. Da safe man kare rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 dole ne. Sai kin yi sati 8 zuwa 12 za ki ga canji. In kina da ciki ko kina nema, kar ki taɓa retinol sam.