Ƙaramin hoton da na ciro ya bambanta da babban, ko an shiga mana ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin da mutane ke ɗora hotuna, sabar tana nauyi sosai, sai wani ya ce in riƙa ciro ƙaramin hoton da ke cikin fayil ɗin kawai in nuna. Na rubuta kod da Python, wasu babu komai a ciki, wani kuma ya fito da mutum biyu alhali babban hoton mutum ɗaya ne. Hankalina ya tashi wallahi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba wanda ya shiga muku, amma ka sauke kod ɗin nan daga shafin yau ɗin nan.

Cirowar ba wuya. A JPEG ƙaramin hoton yana cikin Exif, wato bayanan da kyamara ke cusawa a cikin fayil ɗin hoto, a sashen da ake kira APP1, a jerin alamomin da ake kira IFD1, alamar 0x0201 ta gaya maka inda ya fara, 0x0202 tsawonsa. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lissafin yana farawa daga farkon bayanan TIFF da ke cikin Exif ɗin ne, ba daga farkon fayil ba. In ka yanko ka ga bai fara da FF D8 ba, wato alamar da kowane JPEG ke farawa da ita, ka yi kuskure. Ni dai ban ga dalilin wahalar ba tunda piexif.load na Python zai miƙo maka shi, ko manhajar ExifTool da umarnin exiftool -b -ThumbnailImage. A RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, irin NEF da CR2, nemi PreviewImage ko JpgFromRaw, su manya ne. Docx da pptx kuwa zip ne, buɗe ka leƙa docProps, in akwai yana nan. Waɗanda suka fito wayam ba laifinka ba ne, ba dole ba ne a sa shi tun farko, kuma hoton da ya biyo ta WhatsApp galibi an share masa Exif.

To ga abin da ke damuna, kullum sai na ci karo da shi. Mutane sun ɗauka ƙaramin hoton nan inuwar babban ne, duk abin da aka yi wa babban shi ma ya same shi. Sam ba haka ba ne. Fayil ne daban da aka cusa a ciki lokacin da kyamara ta ɗauka, kuma ba kowace manhajar gyaran hoto ke sabunta shi ba. Mai hoton can ya yanke mutum na biyun ne da gangan, wataƙila matarsa ce, wataƙila yaro, ya ɗora yana ganin ya rufa asiri, kai kuma kod ɗinka ya tono ya baza a gaban kowa. Haka wanda ya goge lambar asusu ko adireshi a takarda. Kada wani ya ce maka ai girmansa pixel 160 a 120 ne kawai ba a gane komai, fuskar wanda ka sani ko a haka za ka gane ta. Masu ba da irin shawarar nan don sabar ta yi sauri ba sa faɗar wannan, kuma ba su za a nema ba in magana ta tashi, kai ne.

Ka haɗa naka ƙaramin hoton daga babban da Pillow, kayan sarrafa hoto na Python, sau ɗaya lokacin ɗorawa, ka adana, nauyin ya tafi ke nan. Ka kula da alamar Orientation ta Exif, mai nuna yadda aka riƙe kyamara, kada ya fito a kwance. Sannan ka share Exif ɗin gaba ɗaya kafin ka bar wa jama'a babban, har GPS yana ciki. In ExifTool za ka sa a sabar, kada sigarsa ta gaza 12.24, tsofaffin suna da ɓarakar da aka bi aka shiga sabobin GitLab, manhajar adana kod, a 2021 ta hanyar ɗora hoto kawai.